Gwaggo da Baffan Rogo: Rigimar Taga da Tsuntsu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta koma ga Mahaliccinta ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinta a nan Karaye, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Yayar mahaifina ce, kuma ita ta riƙe ni tun ina 'yar firamare har ta kai ni ɗakin miji. Yau ni malamar makaranta ce mai 'ya'ya manya, amma da aka fita da makararta ji na yi kamar an sauke ni a tashar garin da ban san kowa ba.

Na sha zuwa zaman makoki, ban taɓa ganin irin nata ba. Mace za ta shigo da sallama idonta jawur, ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta." A shafa fatiha, ta sami gefen tabarma ta zauna. Ba a jimawa sai wata ta ce, "Kun tuna ranar da ta kori wani babban ma'aikaci daga ɗakin injuna don ya shigo yana shan rake?" Sai dariya ta ɓarke, masu hawaye na yi suna share ido da bakin mayafi. Matar liman ta tsawatar: "Haba jama'a, gidan rasuwa ne fa." Aka yi tsit. Can ita ma ta gyara zama ta ce, "Ni fa sai da ta sa na wanke hannu da sabulu kafin ta bar ni na taɓa abin nan nata, wai na ci ƙuli-ƙuli." Shi ke nan, zaure da tsakar gida suka sake kaurewa.

Yawancin matan nan a ɗakinta suka koyi kwamfuta. Akwai mai aiki a ɗakin kati na asibiti, akwai mai buga katin biki a Rogo, akwai matan aure da ba su yi aikin komai da shi ba sai dai su ce sun iya, kuma sun iya ɗin. Wata baiwar Allah daga unguwar Daura ta nan Karaye ba ta shiga dariyar ba. Ta matso kusa da ni ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, ba ki san ni ba. Da maigidana ya rasu, kwamfutarsa ta ƙi tashi. Mai gyara ya ce sai an share komai. A ciki kuwa akwai muryarsa yana biya wa ɗanmu karatu. Na ɗauko ta a ka na kawo wa Hajiya. Ta zura wani ɗan filash, ta tashe ta ta wata hanya, ta kwaso mini komai. Da muryar ta fito, tashi ta yi ta bar mini ɗakin, ta ja ƙofa." Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar. Gwaggo mai son ba da labarin nasarorinta ce ƙwarai, amma wannan ba ta taɓa faɗa ba.

A waje, ƙarƙashin rumfa, maza ne daga Rogo da Zoza da Fulatan. A cikinsu akwai Baffa na Rogo, taubashinta. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ɗan jira ko zai jefo wata magana a kanta kamar yadda ya saba, shi kuwa sai ya ce, "Na gode, Allah ya ba da lada," ya ci gaba da jan carbi. Don su biyun nan na ɗauki alƙalami, domin ba na so jikokinta su tashi su ji an ce kakarsu tsohuwa ce mai haƙuri da yawan ibada kawai. Tana da ibada, amma haƙuri kam, Allah ya gafarta mata, ba da shi aka san ta ba.

Tafireta ta buga a ofishin gwamnati tun lokacin da mata ba su da yawa a wurin. Ina yarinya, in na kai mata abinci, tun daga bakin baranda nake gane bugunta, kamar ruwan sama a kan kwano. Ta yi ritaya ba ta taɓa kwamfuta ba. Babban ɗanta ne ya kawo wata tsohuwa irin ta kan tebur don jikoki su yi wasa in sun zo hutu. Jikokin ba su mori komai ba. Ta ga allon haruffa iri ɗaya ne da na tafireta, ta ja kujera ta zauna, daga ranar ta zama tata. Ta haura sittin a lokacin.

Abu na farko da ta sa a gaba shi ne buga tarihin gidanmu kamar yadda ta ji daga bakin kakarta: wa ya haifi wa, daga ina aka taso, wace gona ce ta wa. Ta yi watanni tana yi. Rannan kwamfutar ta ƙi tashi. Aka kai ta Kano, aka dawo da ita tana aiki lafiya lau, babu ko layi ɗaya a ciki. Gwaggo ta sa aka kira mata mai gyaran a waya.

"Ɗana, me ya same ta?"

"Hajiya, fomatin na yi mata. Ai yanzu garau take."

"Na ji. Me ya same ta nake tambaya."

"Wallahi Hajiya ban duba ba, haka muke yi."

"To ba gyara ka yi ba," in ji Gwaggo. "Ka kashe mara lafiya ne, ka aiko mini da wani mai kama da shi."

Daga nan ta yi rantsuwa ba wanda zai sake taɓa mata inji sai ta san ciwonsa. Wata jikarta da ke jami'a ce ta fahimtar da ita cewa abin da ke farkawa a cikin kwamfuta da zarar an kunna, ya riƙe sauran abubuwa duka, shi ne babbar manhaja, kuma ba iri ɗaya ba ce a duniya. Gwaggo ba ta damu da sunayensu na Turanci ba, da tambarinsu ta raɗa musu suna. Wadda kowa ya sani, ta ofisoshi da shaguna, ita ce Taga. Mai tsadar nan ta 'yan birni ita ce Tuffa. Na ukun, wanda kowa ke iya saukewa kyauta, mai hoton wani tsuntsu baƙi mai farin ƙirji, shi ne Tsuntsu. Duk ukun ta zauna da su, kuma kowanne tana da abin faɗa a kansa.

Taga, in ji ta, mai jama'a ce, ga fara'a, ga saurin sabo, amma ba ta faɗin inda ke mata ciwo. "Sai ta yi shuɗi ta watso miki lambobi, ki yi ta tambaya, shiru." Tuffa kuwa ɗanta ne ya aiko mata da ita. Ta yaba mata, ta ce ba ta taɓa ganin mai natsuwa irinta ba, shekara ta zagayo ba ta yi ko tari ba. Amma ranar da ta yi, ba wanda ya iya ko buɗe ta a Karaye. Aka kai Kano, Kano suka ce sai an aiko da wani abu daga Legas. Da ta dawo, Gwaggo ta ba jikar nan tata, ta ce, "Wannan ta masu asibiti a ƙofar gida ce." Tsuntsu ne ya kwanta mata a rai. Ba shi da kwalliya, ba ya lallashi, amma tsohon inji ma yana ɗauka ya yi gudu da shi, cutar da ake kwasowa a filash ba ta cika kama shi ba, in kuma ya faɗi, zai rubuta abin da ya kayar da shi a baƙin allo, layi bayan layi. Abin da ta fi nanata wa ɗalibanta ke nan: "Kafin ki kira ni, karanta. Ba zaginki yake yi ba, bayani yake miki."

Shi kuwa Baffa, ɗan ƙanwar kakanmu ne, wato shi ɗan mace, ita 'yar namiji, don haka tun suna yara take kiransa bawanta. Tsohon hedimasta ne, da ya yi ritaya ya buɗe shago kusa da tasha a Rogo, ana buga takardu da hoto da fotokwafi. Shi mutumin Taga ne, ba ya ɓoyewa. Duk suna ko ɗaurin auren da ya haɗa su, sai an yi. Mutane har kujera suke jawowa.

"Uwar ɗakina," zai ce, "abin dogaro shi ne wanda in ya lalace ranar kasuwa, kafin la'asar kin sami mai gyara."

"Bawana, abin dogaro shi ne wanda ba ya lalacewa ranar kasuwa."

"Nawa kowa ya san shi, daga nan har Zariya."

"Ai dole a san shi, kullum yana hannun likita."

Da wasa ake yi, har ranar da abin ya faɗo makarantarmu.

Sakandaren 'yan mata nake koyarwa, a kan hanya tsakanin Karaye da Rogo. Ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne da makiyaya, daga Zoza da Fulatan da ƙauyukan kewaye. Jarabawar shiga jami'a kuwa a kwamfuta ake yin ta. Shekarar da ta gabaci wannan mun ga abin takaici: yaran da muka san sun iya karatu suka je ɗakin jarabawa, suka zauna gaban abin da ba su taɓa taɓawa ba, ba su san yadda ake juya linzami ba, abin nan da ake nuni da dannawa da shi, lokaci ya ƙare ba su yi rabi ba. Wata a cikinsu, wadda ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba a ajina, ta dawo ta ce mini, "Malama, na san amsar, ban san yadda zan faɗa masa ba." Mahaifinta bai sake biya mata ba.

Sai Allah ya kawo tsofaffin ɗalibai suka samo mana kwamfutocin da wani ofis ya daina aiki da su, sun kai dozin, an share su tas, babu komai a ciki. Shugabar makaranta ta ce, "Ke ce 'yar gidan Hajiya, ki san yadda za ki yi da su." Na faɗa wa Gwaggo da yamma. Ban san ta yaya maganar ta isa Rogo ba, amma washegari da safe na tarar da su biyun a ofishin shugaba. Ita ta rataye filash ɗinta a wuya cikin 'yar jakar fata kamar laya, shi ya sha babbar riga ya rungumo jaka.

"Ranki ya daɗe," in ji Baffa, "yaran nan Taga za su tarar a duk ofishin da suka shiga. Kada a koya musu abin da daga tsohuwar nan sai aljanu suka san shi."

"Ranki ya daɗe," in ji Gwaggo, "injinan nan sun tsufa kamar shi. In aka ɗora musu Taga, kafin su gama miƙa an tashi daga makaranta."

Shugaba ta dube ni, na dubi silin. Daga ƙarshe ta yi hukuncin da ya fi kowanne: a raba biyu. Layin dama na Gwaggo, layin hagu na Baffa, yara su riƙa zagayawa. In zangon karatu ya ƙare, a ga wanda ya fi riƙe amana. Suka amince, kowa na murmushin wanda ya riga ya ci.

Kai, wannan zango! Ban taɓa jin daɗin zuwa aiki kamar lokacin ba. Yara suka rabu gida biyu, 'yan Hajiya da 'yan Baffa, har a filin wasa. Malamai ma haka. Mai gadi da bai taɓa shiga ɗakin ba ya ce shi ɗan Tsuntsu ne, don ya taɓa kiwon zabi.

Baffa ne ya fara shan kashi. Wani malami ya zo da filash ɗinsa cike da hotunan biki, ya bi injinan yana zurawa. Kwana kaɗan layin hagu ya kama ciwo: takardu suka ɓace, waɗanda suka rage suka haifi 'ya'ya masu suna iri ɗaya, ka danna abu ya yi kamar bai ji ba. Layin dama ko gezau. Da na kira Gwaggo, ba ta tsaya jiran mota ba, acaba ta hau. Ta shigo ɗakin ta zagaya layin hagu a hankali, hannu a baya, kamar mai duba gonar maƙwabci da fari ya cinye. Sannan ta ce da Baffa, wanda ke zaune yana gumi, "Sannu bawana. Ya masu jiki?" Ta zauna kuma ta taya shi kwaso takardun yaran da filash ɗinta kafin a wanke injinan, tana yi tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Wata rana kuma an tayar da janareta, yara sun zauna gwaji mai ƙidayar lokaci, sai injin ɗaya na hagu ya ce a dakata yana sabunta kansa, kada a kashe shi. Mai na ƙonewa, yarinya na zaune ta zuba tagumi. Gwaggo ta ce, "Ku ƙyale ta, kwalliya take yi."

Amma ranarsa ta zo. Aka ba mu firinta sabuwa. Baffa ya jona ta da nasa, nan take ta fara zubo takarda. Aka jona da na Gwaggo, shiru. Ta buga wannan, ta buga wancan, firinta ta fito da takarda ɗaya cike da wasu alamu kamar tafiyar kaza, ta sake yin shiru. Ga manhajar gwajin jarabawar ma, don Taga aka yi ta, sai da dabara ta zauna a layin dama. Gwaggo ta yi kusan mako tana fama, gilashi a kan hanci, ba ta ko amsa gaisuwa sosai. Baffa ya zo da goro a ƙunshe cikin ganye ya ajiye mata a gaba.

"Na mene ne?"

"Na jaje. An ce Tsuntsu ya ga firinta ya tashi sama."

Ta cinye goron, ta kuma shawo kan firintar daga baya. Amma a hanyar gida ta ce mini, "Da ke kaɗai ce a wurin, da kin yi yaya?" Na ce da na kai layin hagu na buga.

Ana saura 'yan kwanaki jarabawa aka kira ta asibiti a Kano. Ta daɗe tana jiran aikin yanar ido, ba yadda za a ɗaga. Ta tafi tana jaddada mini kada in bar kowa ya shiga da abinci. Washegarin aikin, da rana tsaka, hadari ya haɗo daga gabas. Yara na tsakiyar gwaji aka yi wata tsawa, janareta ya mutu, duk injinan suka ɗauke lokaci guda. Da aka gyara wuta washegari da safe, rabinsu suka ƙi tashi, wasu a hagu, wasu a dama.

Hankalina ya tashi. Yaran aji shida sun fi injinan yawa nesa ba kusa ba, da ma da kyar kowa ke samun zama. In rabi suka tafi, wasu ba za su sake taɓa linzami ba sai a ɗakin jarabawa. Baffa ya zo da mai gyaransa daga Rogo, wani magidanci mai saurin hannu. Kafin azahar ya yi wa na hagu fomatin, suka tashi garau. Duk abin da yara suka adana a ciki ya tafi, amma sun tashi. Ya juyo layin dama. Baƙin allo, farin rubutu, wani ɗan layi na ƙiftawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gaskiya wannan ban san shi ba, kuma ban san wanda ya san shi ba a nan kusa. A ba ni dama in share su in sa musu Taga. Kafin la'asar an gama."

Shugaba ta ce a yi. Ni ma, Allah ya sani, na gyaɗa kai. Yara ne a gabana, ba rigimar tsofaffi ba. Duk muka dubi Baffa, muna jiran ya yi dariyar nasara, tun da ga abin da ya yi shekaru yana faɗa ya tabbata a gaban kowa.

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce, "A'a. Ba zan ci taubashiyata tana kwance ido a ɗaure ba. In ta dawo ta tarar na share mata layi, har kabari ba zan huta ba. Kira mini ita. In abin ya gagara zuwa la'asar, a share."

Autarta ce ta ɗauka, ta ce likita ya ce ta kwanta ta huta, ban da hayaniya. Muka ji muryar Gwaggo daga gefe: "Wa ya mutu? Ba ni nan." Na sa wayar a lasifika na ajiye a kan tebur. Yara sun cika ɗakin, wasu sun leƙo ta tagogi.

"Uwar ɗakina, ya jiki?"

"Bawana ne? Me ka ɓata?"

"Tsuntsayenki sun faɗo. Tsawa ce."

"Baƙin allo?"

"Baƙi ƙirin."

"To zauna. Karanta mini daga ƙasa, layi uku na ƙarshe. A hankali, ba kamar kana sanarwa a asambuli ba."

Baffa ya gyara gilashi ya karanta Turancin nan tiryan-tiryan, har da lambobi. Bai gama ba ta katse shi. "Ai ga shi ya gaya maka! Wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, ajiyarsa ta hargitse, yana so a duba masa da hannu. Har sunan wurin ya ba ka. Buga abin da zan faɗa. Ef. Es. Si. Ke."

Baffa, mai shagon buga takardu guda, da yatsa biyu yake bugu. Ya yi ta farautar haruffa, yara na nuna masa, "Ga shi can, Baffa, a sama!"

"Ka bar fili, sannan ka kwafi sunan nan da ka karanta mini, har da 'yan sandunan nan da ke jingine a cikinsa duka."

Ya buga, ya danna. Injin ya ce bai gane ba.

"Ka bar filin?"

"Na bari."

"Ba ka bari ba. Na san ka tun kana yawo ba wando."

Ɗakin ya fashe da dariya, har shugaba. Bai bari ɗin ba kuwa. Ya sake bugawa. Sai rubutu ya fara gudu, ya tsaya da tambaya.

"Yana tambaya ko ya gyara."

"To me kake jira? Ce masa i. Duk abin da ya tambaye ka, ce masa i. Yau dai ka koyi biyayya."

Ya yi ta dannawa, rubutu na gudu, yana dannawa. Can ya tsaya. Ta ce a sake tayar da shi. Allon ya yi duhu, ya yi haske, sai ga shi ya buɗe yadda muka saba ganinsa. Wata yarinya 'yar Fulatan ta kutsa ta ƙarƙashin hannun Baffa ta danna, ta ƙwala ihu: "Malama, aikina yana nan! Duk yana nan!"

Wayyo, guɗa! Ban san wadda ta fara ba. Yara na tsalle, mai gadi ya shigo da gudu da sanda yana zaton maciji ne. Baffa ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu biyu sama, hularsa ta faɗi bai ko lura ba, yana cewa, "Na tashe shi! Wallahi ni na tashe shi!" Daga wayar Gwaggo na cewa, "Wa ya tashe shi? Wa ya tashe shi?" autarta na roƙonta ta kwanta kada ɗinki ya motsa.

Sauran bai bari kowa ya taɓa ba. Shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mai gyaran na tsaye a bayansa yana kallo da kyau. Guda ɗaya ne ya ƙi. Baffa ya karanta mata abin da ya rubuta, ta ce, "Wannan ba suma ya yi ba, ma'ajiyarsa ce ta ƙone. Ka yi masa sutura." Kafin la'asar yara sun koma kan gwaji.

Sun je sun yi jarabawarsu. Ba duka suka ci ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma ba wadda ta dawo ta ce inji ne ya kayar da ita. 'Yar Fulatan ɗin nan, wadda yanzu take karatun aikin jinya, ta dawo tana cewa, "Malama, linzaminsu ma bai kai namu taurin kai ba."

Gwaggo ta dawo da baƙin gilashi kamar 'yar fim. Na zaci za ta cika gari da labari. Sai ta kira ni ɗaki ta ce, "Da aikin nan ya zo da ƙarar kwana fa? Abin da tsohuwa ɗaya kaɗai ta iya gyarawa ba abin dogaro ba ne, komai ƙarfinsa. Bawan nan ya yi gaskiya a nan. In kika faɗa masa, ban yafe ba." Tun daga ranar, duk Asabar take tara malamai mata da manyan ɗalibai, ta lalata inji da gangan, ta koma gefe ta harɗe hannu ta ce a karanta. Mai gyaran nan na Rogo ma ya riƙa zuwa, yana zama daga bakin ƙofa. Shi kuma Baffa ya kafa doka a shagonsa: ba a yi wa kowa fomatin sai an fara kwaso masa kayansa. Da filash mai Tsuntsu a ciki ake kwasowar. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce tsinta ya yi.

Shugaba ba ta taɓa yanke hukuncin gasar ba. Duk lokacin da ta tayar da maganar, su biyun sai su ce a ƙara zango ɗaya. Har yau ɗakin layi biyu ne.

Ciwon ajalinta bai ja lokaci ba. Ana jibi za ta rasu Baffa ya zo da safe. Muna ɗakin, ni da autarta da mahaifina. Ta rame, muryarta ta yi ƙasa, amma idon nan da aka gyara tar yake. Ya zauna a bakin gado. Sannan ya ce, ba da muryar wasa ba, "Yaya, mun daɗe muna yi. Duk abin da na yi miki, da wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Ban taɓa jin ya kira ta Yaya ba sai ranar.

Ta juyo da kai a hankali ta dube shi. Ta ce, "Na yafe maka komai, duniya da lahira. Ban da abin da ka ɗora wa injinan yaran nan."

Mahaifina ne ya fara tuntsirewa, muka bi shi, muna dariya hawaye na zuba. Baffa ya yi dariya har da tari. Ita ma kafaɗunta na motsi a ƙarƙashin bargo. Da aka lafa, ta lalubo hannun rigarsa ta riƙe, ta ce, "Har shi ma na yafe. Ni ma ka yafe mini. Ka riƙa leƙa su."

Ya ce, "Na yafe. Zan leƙa." Ya tashi ya fita da sauri, ya bar takalmansa a bakin ƙofa. Da na bi shi da su, na same shi a zaure ya juya wa ƙofa baya, ya rufe fuska da hannun babbar riga. Na ajiye masa a gefe na koma ciki.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ka yafe mata kamar yadda ta yafe, ka yalwata mata makwanci, ka sa abin da ta koya wa matan garin nan ya riƙa isa gare ta. Ka ba Baffa haƙurin rashin abokiyar faɗa. Mu kuma, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.